Kuritiba, birnin da gidaje ke bin hanyar mota

Kuritiba birni ne a kudancin ƙasar Barazil, can ƙetaren teku, cikin Amurka ta Kudu. Shi ne babban birnin jihar Parana. Yana bisa tudu, don haka akwai sanyi. Lokacin da damina ta kankama a Maraɗi da Damagaram, su can suna tsakiyar ɗari.

A 1970 mutanen birnin wajen dubu 600 ne. Ƙidayar 2022 ta samu sun kusa miliyan 1 da dubu 800. Da yawansu ƴaƴan manoma ne. Cikin watan Yuli na 1975 wani mugun sanyi ya sauka a Parana, ya ƙone itatuwan kafe. Masu manyan gonaki suka koma noman waken soya da injuna, suka sallami ƴan ƙwadago. Mutane suka ɗaure kaya, sai birni. Duk wanda ya taɓa zuwa cin rani ya san damuwar baƙo biyu ce: inda zai kwana, da yadda zai isa wurin aiki.

Hukumar birnin ta riga ta zana tsarinta tun 1966. A 1971 wani mai zanen gine-gine, Jaime Lerner, ya zama magajin gari, ya shiga aiki da shi. Birnin ba shi da kuɗin haƙa hanyar jirgi a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka ware wa manyan motocin haya hanyarsu su kaɗai, a tsakiyar titi, kamar yadda ake ware wa dabbobi burtali tsakanin gonaki. Ƙaramar mota ba ta shiga. Sun fara gudu a 1974. Daga baya manyan hanyoyin suka kai 5, sun fita daga tsakiyar birni kamar yatsun hannu.

Dabarar tana wajen gini. Doka ta ce dogon bene sai a bakin hanyar motocin. A ƙasa kantuna, a sama ɗakunan kwana. In aka ja baya layi ɗaya, gini ya rage tsawo. In aka ƙara ja baya, sai ƙananan gidaje. Wanda ya hangi birnin daga nesa zai ga benaye sun yi jerin gwano, ya gane inda hanyar ta bi. Mutum ya sauko daga ɗakinsa, ga kanti, ga tasha. Motar kuma ba ta rasa fasinja.

Tashoshin ma abin kallo ne. Tun 1991 ake yin su da gilashi, kamar babbar ganga a kwance. Ana biyan kuɗi tun a bakin ƙofa, kuma daɓen tasha daidai yake da na mota. Tsoho da mai keken guragu ba su shan wahalar hawa. A 1992 aka kawo mota mai gaɓa uku, tsawonta ya kai mita 25, tana ɗaukar mutum wajen 270. Mota ɗaya ke nan a madadin ƙanana fiye da ɗari. Man da ake ƙonawa ya ragu, hayaƙi ya ragu. Hayaƙin nan kuwa yana cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi, yana rikita lokacin ruwa.

A 1980 aka sa kuɗin mota ya zama ɗaya, ko tafiya kusa ce ko nesa. Mai kwana kusa yana tallafa wa mai kwana nesa ke nan, kuma talaka shi ne mai kwana nesa.

To, a nan gizo ke saƙa. Da hanya ta yi kyau, sai fili na bakinta ya yi tsada. Benayen da aka gina don masu shiga motar haya, masu hali suka cika su, mutanen da kowa ke da motarsa a ƙarƙashin bene. Hukumar gidaje ta birnin ta gina wa talakawa gidaje masu yawa, amma galibi a gefen gari, inda fili ke da araha. Wasu ko wannan ba su samu ba, suka kafa bukkoki a bakin rafi, ko suka koma garuruwan kewaye. Da an tanadi fili a bakin hanya tun kafin a zuba kwalta, da labari ya sha bamban. Yau Kuritiba na cikin biranen Barazil masu yawan ƙananan motoci, kuma masu shiga motar haya sun ragu.

Duk da haka wasu birane sun ɗauki tsarin. Bogota ta ƙasar Kolombiya ta fara a 2000. Dakar ta fara a 2024, da motoci masu aiki da lantarki. Lerner ya rasu a 2021. A Kuritiba kuwa, tun da asuba tashoshin gefen gari ke cika da magina, da masu gadi, da mata masu aikatau, suna jiran motar da za ta kai su gindin benaye.