Ranar da tauraron ɗan'adam ya kunyata ni gaban ɗalibaina

Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Gaya. Na daɗe ina zana wa yara igiyoyin rediyo a allo, suna kwafa, suna haddacewa, amma ba wanda ya taɓa jin abin da kunnensa. Shi ya sa na roƙi ƙungiyar iyaye ta taimaka mini da kuɗin wata 'yar na'ura mai suna RTL-SDR, wadda ake maƙala wa kwamfuta ta koma rediyo. Na yi musu alkawarin 'ya'yansu za su ji murya daga sararin samaniya.

Na zaɓi tauraron Es'hail-2 na ƙasar Katar, wanda aka harba a Nuwamban 2018. Masu sha'awar rediyo suna kiransa QO-100. Yana tsaye wuri guda a sama, kusa da inda masu ɗaura parabol ke saita Arabsat, kuma yana haɗa masu magana tun daga Brazil har Tailan. Tsohon kwanon parabol ya isa a kama shi.

Ran nan aka taru a tsakar makaranta, har da iyaye uku. Na kunna. Ba abin da ya fito sai shuuu da wani gurnani kamar na agwagwa. Yara suka tuntsire da dariya. Wani uba ya ce, "Mushe, kuɗinmu ke nan?" Gumi ya karyo mini.

Da dare na gano kuskurena. Kwano daidai yake, zango ma daidai. Salon da na zaɓa ne ba daidai ba. Na bar na'urar a kan FM, irin wanda muka saba da shi a gidajen rediyonmu, alhali a wannan tauraro an hana FM gaba ɗaya. Da SSB ake magana a can, domin murya ɗaya ba ta wuce faɗin kilohaz 2.7 ba, ta haka mutane da yawa ke samun wuri a lokaci guda. Washegari na sauya salo, sai ga Faransanci da Turanci rangadau. Wata ɗaliba ta ce, "Mushe, ashe da gaske ne!"

Daga nan na fahimci kowane salo da amfaninsa. FM shi ne mai sauƙi da araha. Da shi ake sauraron Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke kewaya duniya cikin kamar minti 90, a nisan kilomita 400. Sai dai ba ta wuce minti goma a samanmu, kuma mutum ɗaya ne ke magana a lokaci guda. Zangon ma yakan ɗan goce yayin da take wucewa, kamar yadda ƙahon babbar mota ke sauya amo idan ta gifta ka a hanyar Doso. SSB na ɗaukar jama'a, amma yana son haƙuri wajen saiti. Salon Mos, na ɗigo da ja, shi ke ratsawa idan sigina ta yi rauni. Wani lokaci kuma tashar kan aiko da hotuna a megahaz 145.800, waya ta mayar da ƙarar ta zama hoto. Ga yara ƙanana, wannan ya fi komai, domin gani ya kori ji.

Shawarata ga 'yan'uwana malamai ita ce, kafin ku karɓi ko dala ta iyaye, ku san tauraron da za ku nema da salon da yake aiki da shi, ku kuma gwada a gida. Ku tsaya kan sauraro. Aika magana sai da lasisin hukumar ARCEP, kuma a gari irin namu, tsakanin Malanbil da Kamba, ku sanar da hukuma kafin ku ɗaga eriya.

Iyaye kuwa, na gode da haƙurinku. Uban da ya tambaye ni kuɗinsu, shi ya kawo mana kwano na biyu.