Ɗakina A Bayan A-Kori-Kura: Tafiyarmu Dajin Yellowstone

 A wannan fitowar zan ɗauke ku ne zuwa yammacin ƙasar Amurka, inda aure ya kai ni, domin in ba ku labarin wata al'ada ta mutanen can wadda ta kusa haɗa ni rigima da maigidana.

Su mutanen nan da zarar lokacin zafi ya shigo, wato daga watan Yuni zuwa Agusta, sai ki ga magidanci ya kwashi iyalinsa sun nufi daji sun yi kwana biyu ko uku, ba don sun rasa gida ba, sai don shan iska da kallon halittun Ubangiji. Masu hali sukan ja wani ƙaton ɗaki mai taya a bayan mota, wasu su kafa tanti, masu ƙaramin ƙarfi irinmu kuwa sai su sayi rumfa su kifa a bayan a-kori-kura ta zama ita ce ɗakin kwana. Kada fa ki ɗauko hoton a-kori-kurar kasuwar ƙauye mai ƙarafan walda da yagaggen tamfol. Wannan rumfa kamfani ne yake ƙera ta daidai da bodin motar, da tagoginta da ƙofarta.

Rumfar iri uku ce. Akwai ta tamfol mai kauri wadda ake naɗewa, ita ce mafi araha da rashin nauyi, amma ba ta da makulli, ko ɗan yaro da reza ya isa ya yi miki ɓarna. Akwai ta alminiyom, wadda masu aikin hannu suka fi so, ba ta da nauyi sosai kuma tana da ƙarko, sai dai in ana ruwa ƙararta kamar ɗakin kwano marar silin, ga ɗaukar sanyi. Sai ta faibagilas, wata roba ce mai tauri da ake haɗawa da zaren gilashi, ita ce mai kyan gani domin ana yi mata fenti kalar motar, amma ta fi nauyi da tsada, sabuwarta takan haura dala 2,000. Bayan wannan kuma sai maganar tsayi: wata daidai take da rufin gidan direba, wata kuwa ta ɗara shi da kamar taƙi guda. To a kan wannan taƙi gudan ne aka yi ta.

A shekarar 2023 muna zaune a garin Logan na jihar Utah, maigidana yana da tsohuwar a-kori-kura ƙirar Ford F-150, mai bodi ƙafa 6 da rabi. Wannan tsawon ya yi mana rana, domin mutum yakan miƙe sosai a rufe ƙofar baya, saɓanin mai ƙafa 5 da rabi wadda dogo sai ya kwanta a karkace. Da muka je wajen masu sayar da rumfa, idonsa ya faɗa kan wata gajera mai sheƙi, shuɗiya kalar motarmu sak, an ɗora ta a kan mota irin tamu don masu saye su gani. Nan take ya fara lissafin kuɗi.

Na ce, "Abban Ummi, don Allah ka bari in shiga in gwada tukuna."

Na hau na zauna a kan tudun nan na taya da yake cikin bodin, domin na san gadon katakon da zai haɗa mana tsayinsa ke nan, a zuba kaya a ƙarƙashi a shimfiɗa katifa a sama. Ai kuwa sai kaina ya daki rufi, ɗaurin ɗankwalina ya zame.

Ya yi dariya ya ce, "Haba Maman Ummi, ai kwanciya kawai za mu yi a ciki, ba zaman daɓe ba."

Na ce, "Kai namiji ne, ko a gindin bishiya ka canja riga ba mai kallonka. Ni fa? A ina zan sa kayana, a ina zan buɗe kaina in taje, alhali zangon cike yake da mazan da ban sani ba? In kuma ruwa ya tsare mu, haka za mu wuni a kwance kamar kifin gwangwani, ga yarinya?"

Bai ce uffan ba har muka iso gida. Kwana biyu yana ɗan shan ƙamshi, ni kuwa ban sake tayar da zancen ba, na dai ci gaba da kyautata masa, domin in kika faɗi gaskiyarki sau ɗaya cikin ladabi, to ki bar ta ta yi aikinta. A rana ta uku sai ga shi da hoton wata doguwar rumfa ta hannu, ta faibagilas, kuɗinta bai kai rabin na sabuwa ba. Aibinta ɗaya, fara ce fat, motarmu kuwa shuɗiya. Kafin ya biya sai da ya tabbatar an yi ta ne don irin motarmu da shekarun ƙirarta, domin rumfar wata mota ba ta zama daidai a kan wata, sai ta bar kafar da ruwa da ƙura za su shiga. Ya duba ko akwai tsaga, ya duba robobin bakin tagogi, ni kuma na duba abu uku: tagogin suna buɗewa kuma suna da ragar hana sauro, ƙofar tana buɗuwa ta ciki, sannan an liƙa wani ɗan kafet a rufin wanda yake hana gumin numfashi ɗigowa a kan mutum. Na yanka tsohuwar atamfata na ɗinka labule.

A watan Yuli muka kama hanya mai lamba 89 muka yi arewa. Muka ratsa ta gefen tafkin Bear Lake, wanda ruwansa shuɗi ne kamar an zuba bula, rabinsa a Utah rabi a Idaho. Muka shiga jihar Wyoming, inda a garin Afton muka bi ta ƙarƙashin wata ƙofa da ta haye titi, an gina ta da ƙahonnin wani irin gwanki mai ƙaho reshe-reshe. Bayan garin Jackson sai ga duwatsun Teton sun tokare sama, da sauran ƙanƙara a kawunansu a tsakiyar lokacin zafi. Ke dai gani ya kori ji.

Shi dajin Yellowstone tun 1872 gwamnati ta keɓe shi, kuma faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 9,000. Ƙarƙashinsa wuta ce, shi ya sa za ki ga ƙasa tana hayaƙi, taɓo yana tafasa kamar talgen tuwo, ga wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Akwai wata maɓuɓɓuga da ake kira Old Faithful, wadda kusan duk bayan awa ɗaya da rabi take feso tafasasshen ruwa sama fiye da mita 30. Ɓaunayen dajin kuwa sukan tare titi, motoci su tsaya cak har sai sun ga damar wucewa, kuma doka ta hana a matse su ƙasa da yadi 25.

Mun sauka a zangon Bridge Bay kusa da babban tafkin dajin, wanda tun watanni kafin tafiyar maigida ya kama mana wuri. A nan na ji dokar da ta ba ni dariya. Akwai wata ƙatuwar dabba mai gashi da ake kira beya, hancinta ya fi na kare jin ƙamshi, don haka ba a barin abinci a fili, kuma ba a so a kwana da shi. Akwatin ƙarfe muka samu a wurin, muka kulle tukwane da dambun namanmu a ciki, har da sabulu da man shafawa. 'Yar'uwa, har humrata da turaren wutana sai da suka kwana a kulle!

Wurin tudu ne, ya haura mita 2,300 daga teku, saboda haka da rana ta faɗi sai sanyi ya sauko wanda ya fi na tsakiyar hunturu a Jos. Alwalar asuba sai da na dafa ruwa a waje. A yammacin rana ta biyu hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa har da ƙanƙara. Muna leƙen masu tanti suna ta fama da igiyoyi, mu kuwa muna zaune daram a kan katifa, na saki labule na kwance kaina ina yi wa Ummi kitso da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Can sai maigida ya dubi rufin, ya dube ni, ya ce, "Maman Ummi, Allah Ya yi miki albarka." Na sunkuyar da kai na ce amin, raina fes.

Sai dai akwai gargaɗin da ba zan rufe ban yi shi ba. Duk tsananin sanyi, kada a kuskura a kunna gawayi ko risho ko murhun gas a cikin rumfa a rufe, domin suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci sai dai a wayi gari babu shi. Wannan har ku da kuke gida ya shafa, masu shiga ɗaki da kaskon wuta lokacin hunturu ko kwana kusa da janareto. Mu bargo muka ƙara, muka bar taga a ɗan buɗe don iska ta riƙa zagayawa. Haka kuma ba a zama a cikin rumfar in mota tana tafiya, saboda hayaƙin salansa yana iya shiga, ga shi babu bel.

Har muka dawo gida abokan maigida suna tsokanarsa wai motarsa ta yi rawani fari, shi kuwa ko a jikinsa. Ni dai shawarata ga ƙannena ita ce, duk abin da za ki zauna a ƙarƙashinsa, ko rumfa ce ko ɗakin haya ko gidan miji, kada sheƙin fenti ya ɗauke miki hankali, ki fara tambayar kanki ko za ki iya ɗaga kai a ciki, ki sha iska, sirrinki kuma ya rufu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu, inda zan kawo muku yadda na yi tuwon shinkafa da miyar kuka a tsakiyar dajin.