Yaranmu sun iya jarrabawa, amma me kuma suka iya?



Mu iyayen yara a nan Gombe, daga Pantami zuwa Jekadafari, kusan jadawalinmu ɗaya ne. Ƙarfe bakwai yaro ya tafi boko, ya dawo ya ci abinci a tsaye, ya wuce Islamiyya, bayan magariba kuma ga mai lesin yana jira. Muna alfahari da hakan. Sai ranar da uwarsa ta kwanta rashin lafiya muka gane ɗan shekara goma sha biyar bai iya dafa shinkafa ba, bai kuma san yadda ake tarbar baƙo ba.

Abin mamaki, babu wanda ya koya mana cewa ilimi takarda ce kawai. Bokon da muka gada daga Turawa ma, a ranar yaye ɗalibai a jami'o'inmu, ana shelar cewa ɗalibi ya cancanci digiri ne ta hali da ilimi, kuma hali ake fara ambata. Mutanen Sin su ma abu biyar suke lissafawa: ɗabi'a, ilimi, lafiyar jiki, sanin kyau, da aikin hannu. Mu kuwa tun tuni muke cewa ilimi da tarbiyya, kuma almajirin da muka sani a da, yana tashi daga allo ya nufi gonar malam ko ya ɗauki allurar ɗinkin hula.

To a baki duk mun yarda. Inda gizo ke saƙar shi ne jarrabawa. Mu JAMB da WAEC, su kuma gaokao da ake yi duk watan Yuni, wadda ta sa iyaye suka dinga zuba kuɗi a lesin har gwamnatinsu ta taka birki a 2021, ta rage aikin gida da lesin na kuɗi. A 2022 kuma ta mayar da aikin hannu darasi mai zaman kansa, har da girki da share gida. Ka ji fa, ƙasar da take ƙera wayoyin da ke aljihunmu.

A gidanmu mun duba jadawalin, muka ga yammacin Alhamis da Juma'a babu Islamiyya. Namu yaron yanzu yana zuwa shagon wani tela a unguwa. Makon farko ya dawo yana ƙunƙuni wai guga kawai aka sa shi. Jiya kuwa shi ya ɗinke aljihun rigar makarantar ƙanwarsa, duk da dai ya ɗan karkace.