Ƙwallon Farko ta Matsoraci Ce

Tsoro ne ya fi komai wahalar da ni a shekarun da na yi ina buga ƙwallo. A Zongon Kwatano na tashi, inda yaro ke koyon tamaula a kan yashi tsakanin la'asar da magariba, da takalma biyu a matsayin raga. In muna wasa mu kaɗai 'yan layi, ƙafata ba ta da matsala. Amma ranar da aka ce da yaran Akpakpa za mu kara, jama'a suka kewaye fili, masu zem, wato 'yan acaɓa, suka ajiye babura suna kallo, sai gwiwata ta yi sanyi. Ina tsaye a baya ina roƙon Allah a zuci kada ƙwallo ta zo inda nake. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don a unguwarmu namiji ba ya cewa yana jin tsoro.

Kyaftin ɗinmu, wani Bazabarme da ya girme ni, shi ya gane. Bai tona mini asiri ba. Abin da ya ɗauka shi ne, da an busa usur, ƙwallon farko da ta zo ƙafarsa sai ya juyo ya miƙo mini, a hankali, yadda ba za ta kuɓuce ba. Ya ce, "Ƙanena, taɓa ta da wuri, tun tsoro bai riga ka ba." In na miƙa ta ga na kusa da ni ta isa lafiya, sai in ji numfashina ya daidaita. In kuwa aka ƙwace, kafin in ɗaga kai ya rufe gurbina, sai in ji muryarsa: "Ina bayanka." Da zuciyarsa na yi wasa tsawon lokaci kafin tawa ta yi ƙwari.

Yanzu ni ke horar da yaran unguwa a ƙarshen mako, kuma abin da nake gani yana damuna. Kowane yaro Turai ce a ransa. Ana ɗaukarsu da waya, kowa yana son a ga yadda ya yanke mutum uku, ko da ɗan'uwansa na tsaye shi kaɗai a gaban raga. Ba na ƙin kishi a wasa. Yaron da aka ci shi ya tafi gida yana dariya, ba na sa rai da shi. Amma kishin nan ya juyo ciki. Wanda ya ɓarar da ƙwallo, abokan wasansa ne ke fara yi masa ihu, da Hausa, da Fon, da Faransanci, har ya koma ɓuya a bayan abokin hamayya don kada a ba shi.

Shi ya sa nake yawan ba su labarin 2019. Ƙasarmu Benin ta je gasar cin kofin Afirka a Masar ba ta taɓa cin wasa ko ɗaya a gasar ba. Ta yi 2-2 da Ghana, ta tashi babu ci da Guinea-Bissau da Kamaru. Ranar 5 ga Yuli, a Alƙahira, aka haɗa ta da Maroko, wadda ta cinye wasanninta uku na rukuni. A shagon mai shayi muka kalla, ba masaka tsinke. Moïse Adilehou ya ci mana, kuskuren ɗan wasanmu ya ba En-Nesyri damar farkewa. Ana daf da tashi aka ba Maroko fenareti, Hakim Ziyech na Ajax ya buga ta daki turke. A ƙarin lokaci aka kori Khaled Adenon, muka rage goma. A nan ne nake so yaran su tsaya su duba. Ƙungiyar da aka farke mata ta hanyar kuskure, aka rage mata mutum, ba ta watse ba. Kowa ya ƙara gudu don toshe gurbin da aka bari. Da aka zo bugun daga kai sai mai tsaron gida, mutum huɗu suka buga mana, duka suka ci. Mai tsaron gidanmu Saturnin Allagbé ya tare ɗaya, Mama Séïbou ya rufe da ta ƙarshe, 4-1. Senegal ta fitar da mu da ci ɗaya a zagaye na gaba, ban ji an zagi kowa a Zongo ba.

Doka biyu ce a filina. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa tsawa kan kuskure zai fita ya zauna, ko shi ne ya fi kowa iyawa. Ƙwallon farko kuma ta wanda na ga idonsa na rawa ce. Kyaftin kaɗai nake raɗa wa sunansa. Wani uba ya tare ni bayan sallar Juma'a a ƙofar babban masallacin Zongo, ransa a ɓace, ya ce, "Koci, yaya za ka zaunar da yarona alhali shi ke ci muku?" Na ce, "Alhaji, ka zo ranar Asabar ka tsaya kusa da fili, ka saurari yadda yake magana da ƙannensa." Ya zo, ya tsaya har aka tashi, kuma shi da kansa ya kira yaron gefe.