Kama da Wane Ba Ta Wane: Darasin Wata Tsohuwar Kwamfuta a Makarfi

Ƙanena yana da ɗan shago a Makarfi, inda yake buga wa ɗaliban Kwalejin Kiwon Lafiya ta Shehu Idris takardunsu. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, yara daga ƙauyukan Kudan ma kan zo su koyi riƙe linzami kafin ranar jarrabawa. Jarinsa duka kwamfutar tebur ce guda, Dell OptiPlex 790, irin waɗanda ofisoshin Turai suka gama cin moriyarsu aka shigo mana da su.

Da ta fara nauyi, sai ya kira ni. "Yaya, na sayar da rakena. Ka samo mini abin da zai ƙara mata ƙarfi." Ni kuwa da ake yi wa kallon masanin gida, na amsa ba tare da wani bincike ba.

Na san furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, yana zama ne a wani gurbi da ke kan madabod, babban allon da kowane sashe ke haɗuwa a kansa. Na kuma san sunan gurbin wannan na'ura LGA 1155, wanda Intel ya fito da shi a 2011, kuma zubi na biyu da na uku na furosesan Core duk a cikinsa suke zama. Na tafi Kano na sayo Core i5-3470, ɗan zubi na uku, domin ya maye gurbin Core i3-2100 da ke ciki. Ya zauna daram kamar don shi aka yi wurin. Muka kunna. Fanka ta juya, fuskar kwamfutar ta tsaya baƙi ƙirin. Ƙanena bai ce uffan ba, kuma shirun nasa ya fi mini faɗa ciwo.

Abin da ban sani ba shi ne gurbi tambaya ce ta farko kawai. Ta biyu ita ce cifset, ɗan guntun da ke tsara zirga-zirgar bayanai a kan allon. Na wannan na'ura sunansa Q65, kuma shi da 'yan uwansa Q67 da B65 ba sa karɓar zubi na uku, ko da ƙafafun gurbin sun yi daidai. Ta uku ita ce BIOS, manhajar da ke tada na'ura kafin Windows. Akwai allunan da cifset ɗinsu ya yarda, kamar masu H61, amma sai an sabunta BIOS tukuna, kuma da tsohon furosesan ake sabuntawar. Ta huɗu wuta ce da zafi: i3-2100 an ƙayyade shi a wat 65, i5-2400 kuwa 95, abin lura a ƙaramin akwati cikin zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu.

Wannan tarko bai tsaya a nan ba. Gurbin LGA 1151 ma haka yake: zubi na takwas yana shiga allon zubi na shida, amma ba ya aiki.

Wani abokina mai gyara a Ikara ne ya fitar da ni kunya. Yana da OptiPlex 7010, mai cifset Q77, wadda ke karɓar zubi na uku. Muka yi musaya, ya ba ni i5-2400. Yayin da yake sakawa ya gargaɗe ni cewa a irin wannan gurbi siraran ƙafafun suna jikin allon ne, ba jikin furosesa ba, kuma ɗaya ta lanƙwashe allon na iya tashi aiki. Sannan ya tambaye ni abin da ya kamata in tambayi kaina tun farko: "Malam, wa ya ce maka furosesan ne ke jawo nauyin?" Ya cire tsohon faifan ajiya mai juyawa ya sa SSD, ya ƙara RAM. A gaskiya, nan ne saurin ya fi fitowa.

Duk da haka, gyaran yana da iyaka. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga zubi na takwas take farawa, sai 'yan ƙalilan daga na bakwai. Babu furosesan da zai kai allon ƙanena can. Lokaci muka saya masa, kuma ya san haka, don ya fara tarin kuɗin wata.

In kana shirin irin wannan aiki, rubuta lambar na'urarka, ka nemo jerin furosesan da kamfanin ya tabbatar tana karɓa, kafin ka taɓa aljihu. Ni da kuɗin raken ƙanena na koyi hakan, kuma har yau in na je shagon yakan yi murmushi ya ce, "Yaya, an duba cifset kuwa?"