Abin Da Fara Ta Koya Mini a Lambu

Mu mutanen Talata Mafara, Bakura da Maradun, tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, idonmu ya saba da koren ganye ko da rani. Ita ma fara ta saba. Idan ciyawar daji ta bushe, ɗan lambun bayan gidana take nufa, inda na shuka alayyafo, sure da kuɓewa.

Shekarun da na yi ina fama da ita sun nuna mini cewa ba ni kaɗai ke tsaron lambun ba. Ƙadangare na kan katanga yana gyaɗa kai, kwaɗo na ƙarƙashin randa, balbela na bin ƙwari. Shamuwa kuwa, da ta sauka farkon damina, fara ce abincinta. Duk waɗannan ma'aikata ne da ba na biya ko sisi.

Na ga wani maƙwabcina ya yi feshi da maganin kasuwa. Washegari ga matattun ƙudan zuma a gindin kabewarsa, kazarsa da ta tsinci farar tana layi. Kafin wata ya zagayo fara ta dawo daga daji, masu cin ta kuwa babu su. Ga kuma yara da ke kama fara a soya da yaji; wa zai bambance musu mai guba?

Ga yadda nake yi. Fara tana binne ƙwai a ƙasa ƙarshen damina, su ƙyanƙyashe da ruwan farko. Don haka da kaka nake kaftu a gefen lambu, rana da zabi su gama da ƙwan. Da asuba, sanyi na hana ta tashi, sai mu tsince ta da hannu mu zuba a bokiti. Idan ta yi yawa, na daka ƙwallon dogon yaro, na jiƙa ya kwana, na tace da ƙyalle, na fesa da almuru bayan zuma ta koma amya. Ba ya kashewa nan take, cin ganyen yake hana ta. Yabanya kuma tsohon gidan sauro nake lulluɓa mata.

Masana ma nan suka dosa. Shirin LUBILOSA, wanda aka fara a 1989, ya samar da maganin feshi mai suna Green Muscle daga wani naman gwari mai kama dangin fara ya ƙyale tsuntsaye, an kuma gwada shi a Nijar.

Har yau ganyen alayyafona ba ya rasa huji, amma miya ba ta taɓa yankewa a gidana ba. Ɗan'uwa mai lambu, kafin ka saɓa tankin feshi, duba su wa ke yi maka gadi kyauta, kada ka kashe su tare da ɓarawon.