Hawan Dutse Lokacin Hunturu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili cikin jaridarka mai farin jini, in faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai.

Cikin ƙasashen Turai, idan sanyi ya kama, ƙanƙara ta rufe duwatsunsu, akwai mutanen da kan ɗauki hutu su gangara kudu, gaɓar Bahar Rum, inda rana ba ta yin rowa. Da yawa sukan nufi ƙasar Sifen, wadda malamanmu suka sani da Andalus. A garin Kalfe akwai wani dutse tsaye bakin teku, ana ce da shi Ifach, tsawonsa mita 332. Sukan hau shi biyu-biyu, ɗaure da igiya a kwankwaso: ɗaya na hawa, ɗaya na riƙe da igiyar yana sakar masa kaɗan-kaɗan, in ya zame ya tare shi. Kuɗinsu suke kashewa don wannan, ba wanda ya aike su.

To, jama'a, mu nan Sakkwato ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, amma maƙwabta suna da dutse. Ina ɗan makaranta wani malaminmu ya kai mu Kwatarkwashi, gaba da Gusau kaɗan, wadda dā cikin lardin Sakkwato take, tun 1996 kuwa tana jihar Zamfara. Watan Janairu ne. Ya ce da damina dutse santsi gare shi, da bazara kuwa ba ya taɓuwa don zafi, sai hunturu. Muka kama hawa da sassafe, ba igiya, ni kuwa da takalmin makaranta mai sulɓi. Can wajen tsakiya ƙafata ta goce, na tafi da ciki kamar kamu huɗu, Allah ya sa wani tsagi ya tare ni. Tabon yana gwiwata har yau. Wani yaro ɗan garin, ƙafarsa ba takalmi, shi ya nuna mini inda zan dafa. Da muka kai sama hazo ya rufe ko'ina, ba mu ga komai ba sai kan itatuwa, duk da haka ban taɓa jin daɗin gajiya irin na ran nan ba.

Abin da ya sa na rubuto, bana ɗana ya ce in kai shi. Na ƙi, don hanyar Gusau ba ta da aminci saboda ɓarayin daji. Na rasa yadda zan gaya masa Bature na ƙetare ƙasa uku don dutse, mu namu na nan kusa ya gagare mu.

Ina roƙon dattawan Kwatarkwashi, waɗanda suka ga zamanin da samari ke hawa kamun maiki, su rubuto labarin hanyoyin da ake bi, ka buga, in karanta wa yaron kafin hanya ta gyaru.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Sakkwato.